Yadda ake mayar da bayan a-kori-kura ɗakin kwana don tafiyar hawan dutse

Duwatsun da masu hawa suke nema yawanci suna ƙarshen hanyar da ba kwalta, nesa da masauki, kuma ana so a kwana a gindinsu domin a fara hawa da sanyin safiya kafin rana ta gasa dutsen. Ga kaya masu cin wuri: igiya, ɗamara, hular kwano, tarin ƙugiyoyi, katifar faɗuwa (wadda ake shimfiɗawa a gindin dutse ta tare wanda ya faɗo). Shi ya sa a-kori-kura irin su Toyota Hilux, Tacoma, Ford Ranger da Isuzu D-Max suka shiga ran masu wannan harka. Suna shiga inda ƙaramar mota ba ta shiga, bodinsu kuma da ɗan aikin katako sai ya zama gado a sama, ma'aji a ƙasa.

Aikin kafinta a nan ba mai wahala ba ne. Wanda ya iya riƙe zarto da injin huda zai gama cikin 'yan kwanaki. Inda ake samun matsala shi ne lissafi biyu da ake tsallakewa kafin a sayi katako: nauyin da motar za ta iya ɗauka, da tsayin da zai rage tsakanin katifa da rufi. Duk sauran shawarwarin daga waɗannan biyun suke fitowa.

Fara da nauyi

Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ƙarfen ƙofar, ko littafin motar. A nan kamfani ya rubuta iyakar nauyin da za a ɗora mata. Wannan adadi ya haɗa da kai, da abokin tafiyarka, da duk abin da aka ƙara bayan motar ta bar masana'anta. Hilux mai ƙofa huɗu takan ɗauki kusan tan ɗaya, amma Tacoma da yawa ba su wuce kilo 500 zuwa 700 ba, don haka kada girman mota ya ruɗe ka.

A ce taka kilo 600 aka rubuta. Mutum biyu sun ci kilo 150. Rumfar faiba kusan 80. Katako da ƙarafa 65. Jarka biyu ta ruwa mai lita 20 kilo 40 ke nan, tunda kowace lita kilo ɗaya ce. Batir 13, firij da abinci 30, kayan hawa 40, katifa da barguna 15, kayan girki 20, kayan gyaran mota 30. An kai 483 ba a sa tufafi ba, ba a ɗauki mutum na uku ba. Motar da ta yi lodi fiye da kima birkinta yana jan nisa kafin ya kama, bayanta yana zama, fitilun gaba su ɗaga sama, tayoyi su yi zafi a doguwar tafiya. Ƙara sifirin ko jakar iska zai ɗaga bayan, amma bai canza ƙarfin birki da na aksul ba, iyakar da aka rubuta tana nan yadda take.

Inda aka ajiye nauyin ma abin lura ne. Ruwa, batir da kayan ƙarfe su zauna can gaba kusa da bangon da ke bayan direba, a ƙasa, gaban tayoyin baya. Duk kilon da ya wuce tayoyin baya yana sauke nauyi daga tayoyin gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu.

Rumfa

Rumfar da ake rufe bodi da ita iri biyu ce aka fi samu, ta faiba da ta alminiyam. Ta faiba ta fi nauyi, amma ta fi riƙe ɗumi, ba ta cika gumi da dare ba, musamman wadda aka lulluɓe cikinta da kafet. Ta alminiyam ba nauyi, mai walda yana iya gyara ta idan ta tsage, sai dai sanyi da zafi suna ratsa ta nan take, in ana ruwa kuma sai ka ji kamar ana kiɗa a kanka.

Abin da ya fi kayan da aka yi ta da su muhimmanci shi ne tsayinta. Rumfar da ta yi daidai da rufin gaban mota takan bar santimita 90 zuwa 100 daga ƙasan bodi zuwa rufi. Mai tudu a baya tana ƙara santimita 10 zuwa 20. In da zaɓi, ɗauki mai tudun. Tana ɗan ƙara shan mai, amma duk wanda ya taɓa sa wando a kwance ya san darajar santimita goma. Nemi mai tagogin gefe da ake zugewa, masu raga, domin da su za ka yi numfashi.

In kwance za ka saya, je da tef ka auna bakin bodinka, tsawo da faɗi a gaba da baya, domin bodin wasu motoci yana tsukewa ta baya. Rumfar wata mota ba ta zama a kan wata sai da ɓaraka, ta ɓarakar nan kuma ruwa zai shigo. Ana kafa ta da matsi huɗu zuwa shida a kan bakin bodi, da robar toshi a tsakani. Duba makullin ƙofarta daga ciki. Rumfuna da yawa ba su da hannun buɗewa ta ciki, tunda don kaya aka yi su. Ɗaura igiya mai kauri a sandunan makullin yadda ja ɗaya zai buɗe ta, ka gwada a cikin duhu kafin ka kwana a ciki.

A toshe kafin a gina

Da zarar an kafa katako, isa lungunan bodi ya zama aiki, don haka toshin farko ake yi. Wanke bodin tas, ka kankare tsatsa ka shafa fenti. In motar ta taɓa ɗaukar batura, a wanke ƙasan da ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki, a ɗauraye sosai. Dalilin zai zo a batun igiya.

Shiga ciki da rana tsaka, a rufe ka. Duk inda haske ya leƙo, ƙura za ta leƙo. Wuraren da aka saba samu su ne kusurwoyi biyu na gaba inda rumfa ta haɗu da bangon bodi, ramukan da ke bakin bodi, da kewayen ƙofar baya, wadda kamfani ya bar mata tazara ta gefe da ta ƙasa. Kusurwoyin a cusa musu gam mai laushi irin na butil, wanda ba ya bushewa ya tsage. Ƙofar baya a zagaye ta da robar toshi mai gam a bayanta, bayan an goge wurin da sifirit, in ba haka ba robar za ta ɓare a makon farko. Ramukan zubar ruwa da ke ƙasan bodi kada a toshe su ɗungurungum, a cusa musu soso mai barin ruwa ya wuce.

Duk da haka ƙura takan shigo a hanyar burji, domin iskar da ke bin mota tana barin wani gurbi a bayanta wanda ke zuƙo ƙura ta kowace kafa. Maganinsa ɗan ramin shigar iska a rufi ko a gefe mai kallon gaba, wanda zai riƙa tura iska mai tsabta ciki, ta fita ta kafofin baya maimakon ƙura ta shigo. Daga nan sai gwajin ruwa: mutum ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje yana fesa tiyo na minti goma.

Awo, da batun zama

Baligi yana buƙatar santimita 90 zuwa 95 daga mazauninsa zuwa rufi kafin ya zauna a miƙe. A ce rumfarka ta ba ka 95. Tudun tayoyi a cikin bodi yakan kai santimita 20 zuwa 25, dandamalin katakon da za a kwana a kai kuma dole ya haye su in ana son gado mai cikakken faɗi. In ka yi shi santimita 30, ka ɗora katifa mai 8, saura 57. Wannan ya isa kwanciya da juyi, bai isa zama ba. Kowane santimita da ka ba kaya, daga kanka ka cire shi.

Mutane sukan raina wannan, su ce ai barci kawai za a yi. Amma tafiyar hawan dutse cike take da ranakun zama. Fatar yatsu tana ƙarewa, dole a huta. A wuraren dutsen yashi kamar Red Rock a jihar Nebada da Indian Creek a jihar Yuta ta Amurka, ba a hawa bayan ruwan sama sai dutsen ya bushe, kwana ɗaya ko biyu, domin jiƙaƙƙen dutsen yashi yana gutsurewa a hannu. Wuni guda a ramin da ba a iya zama a cikinsa yana gajiyar da mutum fiye da hawan.

Mai tafiya shi kaɗai ya yi rabin dandamali: gado mai faɗin santimita 70 zuwa 75 a gefe ɗaya, ɗaya gefen a bar shi fili har ƙasa, inda zai zauna ya miƙe ƙafa. Mutum biyu su yi cikakken dandamali amma a bar falankin tsakiya na ɓangaren baya ya zama mai cirewa. Da rana a ɗage shi a samu ramin da za a zauna a ciki, da dare a mayar.

Tsawon bodi ma ba ya yafiya. Na mota mai ƙofa huɗu yakan tsaya wajen santimita 150. Mutum ɗaya yana iya kwanciya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, domin a bodi mai 150 da 150 wannan layin ya wuce mita biyu. Mutum biyu sai dai a sauke ƙofar baya a ƙara falanki a kanta, a rufe da tamfol ko tanti, wanda ke nufin kwana a buɗe. Bodi mai santimita 180 zuwa sama shi ne na mutum biyu.

Kafin ka yanka komai, tara duk kayan da za su shiga ƙarƙashi ka auna su. Akwatunan roba a saye su tun yanzu a gina daidai da su. Sau da yawa ana gama gini sannan a tarar akwatin ya fi gurbin da santimita ɗaya.

Gina dandamali

Falankin filawud yana zuwa da faɗin santimita 122 da tsawon 244. Ga bodi mai tsawon 180 za ka buƙaci biyu masu kaurin milimita 18, wataƙila uku in bodin mai faɗi ne, da ɗaya mai milimita 12 don durowa. Mai milimita 18 yakan yi kilo 25 zuwa 30. A guji katakon da aka matse da garin itace: ya fi nauyi, yana kumbura da ya sha danshi, sukuru kuma ba ya zama a gefensa. Sai sukuru masu tsawon milimita 50 kamar ɗari, gam ɗin katako, ƙarafan kusurwa goma sha biyu, samfefa, banish, da shimfiɗar roba.

Ginin mafi sauƙi kuma mafi ƙarfi shi ne bango uku na filawud a tsaye bisa gefensu, daga gaba zuwa baya: ɗaya a jikin kowane tudun taya ta ciki, ɗaya a tsakiya. Ba a buƙatar ƙafafun katako masu kauri, suna cin wuri ne kawai. In tsakanin tudun tayoyi santimita 110 ne, bango uku sun ci 5.4, saura gurbi biyu masu kusan 52 kowanne. Filawud mai milimita 18 yana ɗaukar mutum ba tare da lanƙwasa ba muddin tazarar da ke ƙarƙashinsa ba ta wuce santimita 60 ba. In ta wuce, a sa masa sanda ta ƙarƙashi.

Yanka bangwayen uku su zama tsayi ɗaya cif, su fi tudun taya da santimita ɗaya ko biyu. Ƙasan bodi yana da kwari da tudu, saboda haka tabbatar duka ukun a kan tudu suke ko duka a cikin kwari, in ba haka ba saman zai yi rawa. Shimfiɗa roba ƙarƙashinsu domin kada su ci fenti su kawo tsatsa. Haɗa su ta gaba da falanki ɗaya a gicciye, wanda shi ke hana su kifewa gefe idan mota ta sha kwana. Ta baya kuma a haɗa su da siririyar sanda a sama kawai, don kada a toshe bakin gurbin.

Gefen bodi ba a miƙe yake ba, yana da lanƙwasa da ƙullutu. Ɗauki kwali ka yanka shi da almakashi kaɗan-kaɗan har ya zauna daram a jikin bango, sannan ka ɗora shi a kan filawud ka zana. Bar tazarar milimita 5 a kowane gefe, domin bodi yana murɗewa a hanya mai gargada, katakon da ya matse sai ya yi ta ƙara dukan dare da rana.

Saman a raba shi gida uku ko huɗu. Ƙofar rumfa ta fi bodi ƙanƙanta, kuma an sha gina dandamali guda a waje, mai kyau, a zo ya ƙi shiga. Rabawar tana kuma ba ka damar ɗaga na gaba ka ɗauko abin da ke can ƙurya ba tare da fitar da komai ba. Fikafikan da ke kan tudun tayoyi a yi musu murfi mai ramin yatsa, gurbin da ke gaba da bayan taya ya isa kayan gyara da takalma.

Duk inda sukuru zai shiga gefen filawud, a fara huda da bakin milimita 3, in ba haka ba zai raba ɓawon katakon. A jera su kowane santimita 15, da gam a mahaɗar da ba za a sake warewa ba. Girgizar hanya tana kwance sukurun da ba gam, saboda haka kusurwoyin da ke ɗaukar nauyi a ƙara musu ƙarfen kusurwa da noti mai roba a ciki. A goge dukkan gefuna da samfefa har su yi sumul, domin tsinin katako yana jan zaren igiya. Banish shafi biyu a ko'ina, uku a gefuna, tunda ta nan filawud yake shan ruwa. A bar shi a waje har warin ya fita.

Dandamalin a ɗaure shi da zobban ɗaure kaya da ke kusurwoyin bodi, da ƙarfen nan mai ƙugiya biyu da ake murɗawa ya ɗaure, ko bel ɗin ɗaure kaya. Hakan ya fi huda bodi, kuma cikin rabin sa'a za ka kwashe komai motar ta koma aikinta. In dole sai an huda, leƙa ƙarƙashi tukuna: tankin mai, bututun birki da wayoyi suna nan dab da ƙarfen.

Durowa ɗaya ta isa, ta kayan girki. Layin ƙarfen da durowa ke zugewa a kai mai ɗaukar kilo 100 zuwa sama yakan ci milimita 19 a kowane gefe, ke nan a gurbi mai 52 durowar za ta zama kusan 48. A sayi mai kulle kansa a rufe da a buɗe, don kada ta zuge ta bugi mai girki idan an tsaya a gangare. Ana iya yin ta ba layin ƙarfe ma: a manna siraran roba mai santsi a ƙasanta, ko a goga kyandir, idan aka jawo ta sai ta hau kan ƙofar baya da aka sauke. Wannan ba ya tsoron yashi, yana kuma rage kilo da dama. Ɗaya gurbin a bar shi ga akwatuna, a ɗaura wa na ƙurya igiya da za a jawo shi da ita.

Katifa, gumi da iska

Soso mai tauri, kaurin santimita 8 zuwa 10, ya wadatar. Mai laushi yana nutsewa har ƙugu ya taɓa katako. A yanka shi da wuƙa mai haƙora daidai da rabe-raben dandamali, a ɗinka wa kowane yanki riga mai zif.

Mutum biyu da suka kwana a rufe suna fitar da tururi mai yawa ta numfashi da zufa. Da ya taɓa rufi mai sanyi sai ya zama ruwa ya riƙa ɗiga a fuska da asuba, wani kuma ya taru ƙarƙashin katifa ya haifi fumfuna. Tagogi biyu masu fuskantar juna su kwana a ɗan buɗe ko da ana sanyi. A huda saman dandamali da ramuka masu faɗin milimita 25 kowane santimita 15 zuwa 20, a kauce wa inda bango yake, sannan kowace safiya a jingine katifar ta sha iska. Rumfar alminiyam a manna mata soson da ba ya shan ruwa, milimita 10, a jikin ƙarfen ba tare da barin gurbi ba. Ƙaramar fanka a rufi tana gama sauran aikin.

Ba a girki a ciki, ba a kunna murhun gas don ɗumi, ba a barin inji yana aiki alhali mutum yana kwance a baya. Iskar kabon monoksaid mai guba da wuta da inji ke fitarwa ba ta da wari ko launi, salansa kuma yana ƙarƙashin gadon nan. A rataya na'urar gano ta mai batir kusa da kai. Haka kuma ba wanda zai zauna a baya mota tana tafiya.

Inda kayan hawa za su zauna

Igiyar hawa da ɗamara da madaurai yawanci da nailan aka saƙa su, ruwan batir kuma yana cinye nailan ba tare da ya bar alamar da ido zai gani ba. Igiya tana iya zama sabuwa fil a ido ta tsinke da nauyin mutum ɗaya. Saboda haka gurbin igiya ya zama nata ita kaɗai, a cikin jakarta, jakar kuma a cikin akwati mai murfi. Batir mai ruwa, wayoyin tayar da mota da suka taɓa kan batir, man birki, fetur da tsumman gareji duk su koma ɗaya gefen, da bango a tsakani. Duk kayan zaren da ake zargin ruwan batir ya taɓa, a yanke su a zubar. Hasken rana ma yana raunana nailan a hankali, kada a bar su suna kwana da wuni a jikin taga.

Igiya mai mita 70 takan yi kilo huɗu da ɗoriya, a jakarta tana shiga gurbi mai 52 ba gardama. Wadda ta jiƙe kada a rufe ta, a warware ta a inuwa. Ƙugiyoyi da ƙarafan cusawa a tsaga su zauna a akwati dabam, a bushe, nesa da yashi. Garin allin da ake shafa wa hannu don kada ya zame a sa shi a roba mai murfin murɗawa, domin buhu ɗaya da ya fashe a hanya zai shafe komai fari. Takalman hawa suna son iska, a rataye su a jakar raga, amma kada su wuni a rufaffiyar rumfa cikin rana, zafi yana sakin gam ɗin da ke riƙe robarsu.

Katifar faɗuwa ita ce mai rikita tsari. A naɗe takan kai faɗin santimita 60 zuwa 65 da kauri 25, ba za ta shiga gurbi mai 52 ba. Mai hawan ƙananan duwatsu ba igiya, irin na Fontainebleau a Faransa ko Rocklands a Afirka ta Kudu, ya matsar da bangon tsakiya gefe ya sami gurbi mai 68 da mai 36, ya sa wa faffaɗan sanda a ƙarƙashin saman. In ba haka ba, ta hau kan gado da rana, da dare ta koma kujerun gaba. Wasu suna kwana a kanta don rage kaya. Dare ɗaya ba komai, amma kullum yana kashe sosonta, sosan nan kuwa shi zai tare idon sawu ranar da aka faɗo.

Kayan nan suna da tsada, mota kuma takan wuni ita kaɗai a bakin daji. A sa labule mai duhu, a sa wa ƙofar baya ta bodi makulli nata, domin na rumfa shi kaɗai ba ya tsayawa gaban sukudireba.

Wuta

In ba firij, fitilar goshi da babban batirin cajin waya sun isa, kada ka ja waya ko ɗaya. Firij ne ke kawo sauran hidimar. Mai kwamfiresa na bolt 12 yakan sha amfiya-awa (ma'aunin wutar da batir ke riƙewa) 30 zuwa 40 a rana idan ana zafi. Ƙara fanka ta kwana, fitila da wayoyin hannu, an doshi 50. Batirin litiyam na LiFePO4 mai amfiya-awa 100 yana da nauyin kilo 11 zuwa 13 kuma zai kai kusan kwana biyu. Na dalma mai girma ɗaya ya kusa kilo 30, rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, ga kuma asid a cikinsa kusa da igiya. Illar litiyam ɗaya ce da ta shafi masu zuwa duwatsu masu sanyi: ba a yi masa caji idan sanyi ya kai sifiri, sai mai kariya ko mai ɗumama kansa.

Kada a jona kayan baya da batirin tayar da mota kai tsaye, ranar da ya mutu kana nesa da kowa. A sa na'urar caji tsakanin batura biyu, wadda ke cika na baya idan inji yana aiki, ta raba su idan an kashe. Ga mai amfiya 30 da waya mai tsawon mita biyar ko shida, a yi amfani da mai kaurin milimita murabba'i 16. Siririyar waya tana zafi, tana kuma zubar da wuta a hanya. Fis ya zauna dab da kan kowane batir, cikin santimita 18, domin wayar da ta goge da ƙarfe kafin fis ita ke tayar da gobara. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Tunda masu hawa sukan kafe mota kwanaki ba tafiya, farantin sola mai wat 100 a rufi yana mayar da mafi yawan abin da aka sha a ranar da gari ya yi garau, muddin ba a faka a inuwa ba.

Ruwa, girki da gwajin ƙarshe

Lissafa lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a rana don sha da girki, fiye da haka a wuri mai zafi. Jarka biyu ta fi babban tanki ɗaya: ana iya ɗauka a je a cika, in ɗaya ta huje kuma ɗayar tana nan. A ɗaure su, jarka mai kilo 20 da ta kuɓuce a birki tana fasa katako. Girki a kan ƙofar baya ake yi, ƙofar rumfa a ɗage ta zama inuwa. Gwangwanin gas an rubuta a jikinsa kada ya wuce digiri 50, rufaffiyar rumfa a rana kuwa tana iya wuce hakan, saboda haka ya zauna a ƙasa, cikin gurbi mai duhu, da taga a ɗan buɗe. Abin kashe gobara a maƙala shi kusa da ƙofa, inda hannu zai kai daga ciki da daga waje.

Wurin kwana a nemi daidai. Kwantar da kwalbar ruwa a kan ƙofar baya, inda kumfar ta gudu nan ne tudu, sai a sa katako ƙarƙashin tayar ɗaya gefen. In dole a karkace, kai ya kalli tudu. A kuma binciki dokar wurin kafin a isa. A gandun dajin Yosemite da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ba a yarda a kwana cikin mota ba sai a sansanin da aka keɓe, abinci kuma ba ya kwana a mota saboda dabbar beyar, akwai akwatunan ƙarfe da aka tanada. A yawancin filayen gwamnatin tarayyar Amurka da ake yada zango kyauta, iyakar zama wuri ɗaya kwana 14 ne.

Kafin doguwar tafiya, loda komai kamar da gaske, ruwa da mai a cike, ku hau sikelin manyan motoci ku ga ko kuna ƙarƙashin iyaka. Ƙara wa tayoyi iska zuwa adadin da aka rubuta na mota mai lodi. Yi tafiyar kilomita ashirin a hanya mai gargada, ka saurari abin da ke ƙara, ka buɗe ka ga inda ƙura ta kwanta. Kwana ɗaya kusa da gida zai nuna maka abin da ya rage: inda tocila za ta rataya, inda takalma za su kwana, ko igiyar buɗe ƙofa tana kai wa hannu. Bayan kilomita 200 na farko a sake ɗaure matsin rumfa da ƙarafan da ke riƙe dandamali, domin robar toshi tana lotsewa su saki, sannan a riƙa duba su duk lokacin da aka fito daga mummunar hanya.